Ƙara wa Boxer ƙarfi don doguwar tafiya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka fasa salansa ka buɗe kafireta domin babur ɗinka Boxer 150 ya ƙara gudu a hanyar Kano zuwa Jos. Don Allah kar ka yi. Injin nan iska ce kaɗai ke sanyaya shi, kuma idan ka buɗe salansa ba a daidaita mai ba, iska za ta rinjayi fetur, zafi ya ƙaru, bawul ya ƙone tun ba ka yi nisa ba.

Jos kuwa tana kan tudu, kusan mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Kano kauri ba. Kafiretar da aka buɗe wa mai sosai sai ta riƙa shaƙewa a can. Ciro fulogi ka duba bakinsa: ruwan ƙasa lafiya lau, baƙin toka mai ya yi yawa, fari fat kuwa injin na ƙishirwa, wannan ne mai haɗari.

Abin da zai amfane ka shi ne sabon baƙin mai, saitin bawul wurin bakanike mai haƙuri, da ɗaure sarƙa daidai. Ka riƙa tsayawa bayan kowace sa'a ɗaya ko biyu injin ya huce, kuma hular kwano dole ce.