Malam, wai asali ne ke yanke wa mutum rabo ko ƙoƙarinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 26, a garin da nake zaune aka haife ni, nan aka haifi babana, kakana ne ya zo daga ƙasar Kano aikin haƙar kuza tun zamanin Turawa. Na gama digiri na yi bautar ƙasa, amma duk fom ɗin da zan cike sai a ce kawo takardar indijin, ƙaramar hukumarmu sun ce ni ba ɗan ƙasa ba ne, na je garin kakana can ma sun ce ba su san mu ba. Abokina da muka yi benci ɗaya tun firamare, wanda ni nake koya masa lissafi, ya samu sikolaship ɗin jiha, yanzu haka yana aikin gwamnati. Baba ya ce rabo ne in yi haƙuri, wasu sun ce ni ne ban dage ba. Don Allah wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Wallahi tambayarka ta taɓa ni, domin na ga irinta a idon ɗalibaina ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Maganar Baba tana da wurinta, rabo na Allah ne, ba mai ja. Amma waɗanda suka ce ba ka dage ba sun zalunce ka, ba dagiyarka aka auna ba a wannan gaɓar, kakanka aka auna.

Mu da muke nazarin zamantakewa muna raba abu biyu. Akwai yadda kai kake kallon kanka, ɗan garin nan, mai son lissafi, wanda ya san duk wani lungu na unguwarsu. Akwai kuma sunan da jama'a da hukuma suka maƙala maka, baƙo ko ɗan ƙasa, mace ko namiji, ɗan wane ko ɗan talaka, Musulmi ko Kirista. Na farkon a zuciyarka yake, na biyun shi ake bugawa hatimi, kuma shi ne mai buɗe ƙofa ko rufe ta.

Abin da ya same ka yana da tushe a cikin dokar ƙasa kanta. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 an ji tsoron kada wani yanki ya mamaye gwamnati, shi ya sa tsarin mulkin 1979 ya zo da maganar raba daidai, aka maimaita ta a na 1999 sashe na 14(3), aka kuma kafa hukumar tabbatar da daidaiton rabon muƙamai a 1996. Ko gurbin jami'o'in tarayya haka aka yanka shi, kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko. Kuma mu faɗi gaskiya, Arewa ta ci moriyar wannan tsari sosai, ni ba na cikin masu cewa a rushe shi. Inda gizo ke saƙar shi ne, waye ɗan jiha? Tsarin mulkin bai ce wanda aka haifa a wurin ba, bai ce wanda yake biyan haraji a wurin ba, ya ɗaura abin ne a kan iyaye da kakanni da al'ummar da ake ganin ita ce ta asali, sannan a aikace aka bar wa ƙananan hukumomi su ba da takardar, alhali sashe na 42 na wannan tsarin mulkin dai ya hana a nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabila ko wurin asali ko jinsi ko addini. Toh ka ga doka ɗaya tana magana da baki biyu, kai kuma ka faɗa tsakani.

Ka san yadda abin yake a sakateriya ai. Ka bi layi tun safe da fasfo biyu a ambulan, ka iso gaban tebur, magatakarda ya kalli sunanka kafin ya kalli fuskarka, ya ce wane ƙauye ne naku, waye hakiminku, je ka kawo sa hannun mai unguwa da dagaci. Ka hau mota ka je garin kakanka, tsoho ya fito ya ce gidan wa? Ka faɗi suna, ya yi shiru ya ce anya kuwa, ai waɗanda suka san shi duk sun rasu. Minti biyar kacal, amma daga nan sikolaship ya wuce, rangwamen kuɗin makarantar jiha ya wuce, gurbin soja da ɗan sanda da kwastan ya wuce. Abokinka ya samu albashi, albashi ya ba shi damar rance da aure da wuri da makaranta mai kyau ga yaransa, nan da shekara ashirin mai kallo daga waje zai ce ai wancan ya fi wannan himma, ya manta da minti biyar ɗin can. Haka rashin daidaito yake girma, kaɗan ne a farko, yana haihuwa yana jikanya.

Wannan rigima ta ɗan ƙasa da baƙo tana cikin abin da ya hura wutar rikicin Jos bayan ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, aka zubar da jini a 1994, 2001, 2008 da 2010. Berom da Anaguta da Afizere, ƙabilun da ake ɗauka 'yan asalin Jos, su ma suna da nasu tsoron na rasa ƙasa da sarauta, kuma suna tambaya, ɗanmu da aka haifa a Kano za a ba shi takardar Kano? Ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Gari, wanda Hausa ta fi Ibo zama a bakinsa, ciwonku ɗaya da shi.

Ba a nan kawai ba ne. A Amurka wasu masana tattalin arziki biyu sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga masu ɗaukar ma'aikata a Boston da Chicago, suka wallafa sakamakon a 2004. Takardu iri ɗaya, suna kawai ake canzawa, wani Emily ko Greg irin na farar fata, wani Lakisha ko Jamal irin na baƙar fata. Masu sunan farar fata sun fi samun kira da kusan kashi 50 cikin ɗari. Babu maganar ƙoƙari a nan tunda mutanen ma babu su, takarda ce da suna.

Sannan waɗannan sunaye hawa kan juna suke yi. Da kai ɗan attajiri ne da waya ɗaya ta isa a kawo maka takardar har gida, talauci ne ya ƙara wa baƙuntarka nauyi. Da kai mace ce da abin ya fi haka. A 2012 an dakatar da rantsar da mai shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a kotun ɗaukaka ƙara saboda an kawo ta a kason Abiya, jihar mijinta inda ta yi shekaru tana aiki, alhali asalinta Anambra, sai da majalisar dattawa ta sa baki kafin aka rantsar da ita. Alƙaliya fa kenan, ina ga ƙanwarka. Mu kanmu a gida muna yi, in an zo binciken aure aka ji gidan mahauta ne ko wanzamai ko wai asalin bayi sai ka ga fuska ta canza, ko da yaron likita ne. Wannan yana ƙona min rai matuƙa.

Yanzu abin yi. Kada ka sayi takardar bogi, ana tantancewa, kuma ranar da aka gano aikin ne zai tafi har da mutuncinka. Ka zaunar da Baba da tsofaffin gidanku ku rubuta sunan kakanka, na mahaifinsa, unguwarsu da sana'arsu, ku nemi dangi ko na nesa ne, Baba ya raka ka da ƙafarsa wurin dagaci, domin maganar dattijo da dattijo daban take da ta saurayi mai riƙe da fayil. In an samu, ku yi wa ƙannenka gaba ɗaya lokaci guda tun kafin su zo rubuta JAMB. A halin yanzu kuma ka karkata neman aikinka wajen kamfanoni masu zaman kansu da ƙungiyoyi da koyarwa, inda lissafinka za a tambaya, ba ƙauyen kakanka ba. In ka je garin ka dawo ka sake rubuto min yadda kuka yi da dagacin.