Shin soja yana iya riƙe bindigar da ya dawo da ita daga fagen fama?

Malam, ka tambaya ko sojan da ya dawo gida da bindigar da ya tsinta a wurin yaƙi yana iya ajiye ta, da kuma abin da afuwar makamai take nufi. A yau rundunonin Amurka da na Birtaniya ba su yarda soja ya ajiye irin wannan bindiga ba, ko da an ce kyauta aka ba shi.

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da yawa sun koma gida da bindigogin Jamus da Japan, wasu da takardar izini daga hafsansu, wasu kuma a ɓoye. A 1968 gwamnatin Amurka ta ba da afuwar kwana 30, daga 2 ga Nuwamba zuwa 1 ga Disamba, domin mai irin waɗannan makamai, musamman masu sarrafa kansu, ya yi musu rajista ba tare da an gurfanar da shi ba.

A Birtaniya lamarin ya fi tsanani. A 2012 kotun soja ta yanke wa wani saja na SAS, wata runduna ta musamman ta sojojin ƙasar, hukuncin tsarewa na wata 18 saboda ƙaramar bindiga ƙirar Glock da ya ce sojojin Iraki ne suka ba shi, ko da yake daga baya an sassauta hukuncin.

Abin da mutane kan manta shi ne, afuwa tana yafe laifin mallaka ne kawai. Idan bincike ya nuna an yi kisa ko fashi da bindigar, shari'a tana nan daram. Saboda haka shawarata ita ce idan an ba da afuwa, a miƙa ta ga hukuma tun wa'adin afuwar bai cika ba.