Cerin bakin kogi, ƙwallon mangwaro da bizar da aka yi wa ƙaninka talla

Wani ɗan uwa ne ya rubuto daga Saskatoon a Kanada, yana kan bizar karatu, suna haya shi da iyali a gida mai ɗan fili ta baya. Yace yana ganin wasu ƙananan ceri baƙi-baƙi a bakin kogi ba wanda ya shuka su, ko ana ci? Sannan Hajiyarsu zata zo ziyara, yana so ta taho masa da ƙwallon mangwaro da irin goba ya gwada a filin. Na ƙarshe kuma wani ejen a Kano yace wa ƙaninsa ya kawo kuɗi a samo masa bizar tsinkar ceri.

Toh ɗan uwa, abin da kake gani ɗin nan cunkus a reshe mai yiwuwa shi ne wanda mutanen nan ke kira chokecherry, ana ci, amma in ka jefa ɗanye a baki baurinsa sai ya kama maka harshe da maƙogwaro har ka ji bakinka ya bushe. Shi yasa dafa shi suke yi a tace a zuba sukari. Naman ba matsala, ƙwallon da ganyen ne ke da dangin gubar da ke cikin rogo mai ɗaci, don haka kar yara su tauna ƙwallon, kuma kar Madam ta zuba shi duka a injin markaɗe. Kafin ka ci ka nuna wa wani ɗan gari ya tabbatar maka shi ne, don akwai wasu 'ya'yan itacen da suke kama da shi. In filin wani ne ka nemi izini, a gandun dajin gwamnatin tarayya kuwa irin su Banff haramun ne tsinka kwata-kwata.

Maganar mangwaro dan Allah ka bar ta. Garin da sanyi ke kaiwa 40 ƙasa da sifiri wani lokacin, mangwaro ko daren farko na ƙanƙara ba zai wuce ba. Abin da yafi damuna ma Hajiya ce, tsohuwa ta sha doguwar tafiya ta sauka a iyafot da iri ƙulle a leda cikin akwati, ba ta faɗa a fom ba saboda a wajenta ai ba wani abu bane, sai jami'i ya buɗe, tara tana iya kaiwa dalar Kanada 1,300 kuma ya shiga rekod ɗinta, gobe kuma kaine zaka sake nema mata biza. Duk abin ci ko na shuka da ta ɗauko ta faɗa, in sun ƙwace shikenan. Ƙasar shuka kuwa ko kaɗan ba a shigo da ita.

Kuma wallahi kana zaune a inda ya dace baka sani ba. Jami'ar Saskatchewan da ke cikin garin naku ta daɗe tana aikin haɗa ceri mai tsami da wani gajeren cerin daji mai jure sanyi, a 1999 suka fitar da irin da suka sa wa suna Carmine Jewel, a 2004 kuma su Romeo, Juliet, Cupid, Valentine da Crimson Passion. Ba su cika wuce mita 2 da rabi ba, guda ɗaya ma yana 'ya'ya ba sai da abokin barbara ba, kuma kan saiwarsa yake ba aure aka yi masa ba, ko sanyi ya kashe saman abin da zai tofo daga ƙasa shi ɗin ne dai. Ni da Juliet zan fara don ta fi daɗin ci haka nan. Ka saya a wajen masu saida dashe, ka dasa wajen ƙarshen Mayu inda rana ke bugawa sosai, ka zagaye gindin da raga don zomo da ɓeraye na gwigwiyar ɓawon lokacin ƙanƙara. Sai dai fa haƙuri, shekara 3 zuwa 4 kafin ka ga abin kirki, kai kuma haya kake, ka fara samun yardar mai gida a rubuce, sannan ka kira masu duba bututun gas da wayoyin ƙasa kafin ka sa shebur, kyauta ne. In ya kai ka fara saidawa, ka tuna sana'ar kanka ma tana cikin lissafin awa 24 a sati da aka yarda ɗalibi yayi a wajen makaranta.

Kar kuma kace zaka aika irin cerin nan zuwa Kano, sai ya sha ɗaruruwan awoyi na sanyi mai tsanani yake fure, hunturunmu bai isa ba.

Sai ƙaninka. Aikin tsinkar ceri gaskiya ne akwai shi, a kwarin Okanagan da ke yammacin Kanada, wajen garuruwan Kelowna da Oliver, galibi Yuli zuwa Agusta. Amma shirin ma'aikatan gona na kaka da ejen-ejen ke yawan ambata na Meziko ne da ƙasashen Karibiyan kawai, Najeriya bata ciki. Ɗaya hanyar sai mai gona da kansa ya samo takardar LMIA daga gwamnati, wato shaidar an yarda masa ya ɗauko ma'aikaci daga waje, kuma doka ta hana a karɓi kuɗin ɗauka aiki daga hannun ma'aikaci. Kace ejen ɗin ya kawo sunan gonar da kwafin takardar, kai da kake nan ka nemo lambar gonar da kanka ka kira su, banda lambar da zai baka. Kafin nan ko sisi kar yaron ya biya, fasfo ɗinsa ma ya riƙe abinsa.