Amsa: Shin Yahudawa da Kiristoci aminan juna ne tun asali?

Malam, ka tambaya ko kusancin da ake gani yau tsakanin Yahudawa da Kiristocin Yamma daɗaɗɗe ne. A'a, sabon abu ne, domin mafi yawan tarihinsu a Turai na tsangwama ne, duk da cewa Yesu da almajiransa na farko Yahudawa ne. A shekarar 1215 babban taron majami'ar Katolika a Roma ya wajabta wa Yahudawa sanya tufafin da zai bambanta su da sauran jama'a, Ingila ta kore su a 1290, Sifaniya kuma ta bi sahu a 1492, inda da yawansu suka sami mafaka a Daular Usmaniyya da Maroko. A birnin Roma kansa, daga 1555 an killace su a unguwa guda mai ƙofofi da ake garƙamewa da dare, abin da har yau yake sosa mini rai.

Sauyin ya zo ne bayan kisan kiyashin da 'yan Nazi masu mulkin Jamus suka yi wa Yahudawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sai a 1965 majami'ar Katolika ta bayyana a hukumance cewa ba za a ɗora alhakin mutuwar Yesu a kan Yahudawa baki ɗaya ba. Sharaɗin da zan gindaya maka, bisa abin da na lura a tattaunawa da malaman Kirista, shi ne ka riƙa tantance ɗarikar da kake nufi, domin wannan sanarwa ta Katolika ce kaɗai, sauran majami'u kuwa kowace ta bi tata hanyar a nata lokacin.