Maɓallin tsohon hannun gem ya daina amsawa: a wanke ne ko a canza roba?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana da hannun Super Nintendo da na Sega Mega Drive, maɓallin B sai ka danne shi da ƙarfi kafin ya amsa, ɓangaren dama na maɓallin juyawa (na zuwa sama, ƙasa, hagu da dama) kuma yana yi yana ɗaukewa, har wani ya ba ka shawarar ka goga fensir ko ka sayi sabuwar roba. To kada ka sayi komai tukuna. Mafi yawan hannayen da ake cewa sun mutu dauɗa ce kawai ta yi musu yawa, kuma robar asali da ke ciki, in dai ba ta yage ba, ta fi galibin sababbin da ake sayarwa yanzu.

Ka fara sanin abin da ke ƙarƙashin yatsanka. Maɓallin da kake dannawa ƙwanso ne kawai. A ƙasansa akwai shimfiɗar roba mai laushi ta silikon, an yi mata tudu kamar an kife ƙaramin ƙoƙo, a cikin ƙoƙon kuma an manna wani baƙin ɗigo na kabon. A kan fanel, wato allon lantarkin da ke cikin hannun, daidai saitin ɗigon, akwai layuka biyu da suka shiga juna kamar haƙoran mataji biyu amma ba su taɓa juna ba. Kana dannawa ƙoƙon ya lotsa, baƙin ɗigon ya sauka ya haɗa layukan, wuta ta wuce. Tun daga Famicom (NES na Japan) na 1983 har Super Famicom (Super Nintendo na Japan) na 1990 da PlayStation na 1994 tsarin ke nan. Saboda haka galibi matsalar ba ta wuce huɗu ba: dauɗa a tsakani, kabon ya cinye, ƙoƙon roba ya tsage, ko matsalar ma ba ta maɓalli ba ce, ta waya ce.

Yatsanka zai gaya maka da yawa tun kafin ka kwance. Idan maɓalli yana lotsawa yana dawowa da ɗan tsalle kamar 'yan uwansa amma ba ya amsawa sai da ƙarfi, dauɗa ce ko kabon. Idan ya yi laɓo-laɓo, ba ya dawowa sama sosai, roba ta tsage a gindin ƙoƙon, wannan kuwa wanki ba ya yi mata magani. Idan yana maƙalewa a rami yana tasowa a hankali, lemo ne ko gumi ya bushe a gefensa. Idan kuma maɓallai da dama suka ɗauke lokaci guda, ko suna dawowa in ka murɗa igiyar, bar zancen roba, zan zo kansa a ƙasa.

Kayan aiki ba su da yawa: sukuddireba mai giciye ƙarama wadda ta zauna daram a kan sukurun, sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama, tsinken auduga na goge kunne, tsohon buroshin haƙori, ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, da mitar gwajin wuta in kana da ita. Hannun Super Nintendo sukuru 5 ne a bayansa, na NES 6. Na Nintendo 64 yana da 9, biyu daga ciki suna ɓoye a ramin da ake sa katin ajiya, kuma su ne mutane ke mantawa sai su ɓalle ƙwanson da ƙarfi. Sukurun hannun GameCube kuwa kansa mai fiffike uku ne, sai da sukuddirebarsa ta musamman. Ka kife hannun fuskarsa ƙasa kafin ka ɗaga murfin baya, in ba haka ba maɓallai za su watse maka a ƙasa. Kana buɗewa ka ɗauki hoto, musamman yadda aka naɗe igiyar a jikin 'yan sandunan roba na ciki, domin naɗin nan shi ne ke hana fizga ta kai ga wurin dalma.

Wajen wanki, ƙwanso da maɓallan roba mai tauri su shiga ruwan ɗumi da sabulu, ka bi ramukan da buroshi. Shimfiɗar silikon ma ana wanke ta haka, amma da yatsa a hankali, kada ka ja ta. Komai ya bushe ƙarƙaf kafin a mayar, gara ka bar su su kwana. Fanel kuwa ba ya shiga ruwa. Jiƙa audugar da isopropyl, ka goga layukan sau biyu ko uku, ka canza auduga, ka sake har ta daina fitowa da launin ƙasa-ƙasa.

Baƙin ɗigon nan shi ne inda ake yawan yin ɓarna. Shekaru suna sa ya yi sheƙi kamar an shafa masa mai, saboda silikon kan tsattsafo da wani maiƙo, ga gumin hannu da ƙura, su taru su yi fata a kansa. Wuta ba ta ratsa wannan fatar sai an matse ta, shi ya sa B ɗinka ke neman ƙarfi. Goga ɗaya ko biyu da auduga mai isopropyl ta isa. Audugar za ta yi baƙi, kuma ko ka goga sau ɗari za ta ci gaba da yin baƙi, don kabon ɗin kansa kake kwashewa. Kada ka jira ta fito fari. Abin da kake nema shi ne sheƙin ya tafi, fuskar ta koma dishi-dishi. In ya ƙi, ɗora farar takarda a kan tebur, ka ja ɗigon a kanta sau biyu ko uku ba tare da dannawa ba.

Kada samfefa ta kusanci fanel. A hannaye da yawa layukan da kansu baƙin kabon ne aka buga a kan tagulla, sirara ne ƙwarai, in ka kankare shi ya tafi ke nan. Magogin fensir fari mai laushi yana da amfani, amma a kan layukan ƙarfe masu ruwan zinare kaɗai. Haka nan tina da fetur da ruwan goge jan farce: ƙwanson waɗannan hannaye robar ABS ce, sinadarin acetone da ke cikin ruwan goge jan farce yana narkar da ita ya bar tabo fari da ba ya gyaruwa. Man feshi na WD-40 ma ba wurinsa ba ne, maiƙo zai ƙara maka.

In kana da mita, sa ta a ma'aunin ohm, ka ɗora tsinkayenta biyu a kan baƙin ɗigon da tazarar kamar milimita 2 ko 3, ba tare da ka huda shi ba. Mai lafiya yakan nuna daga 'yan gomomi zuwa 'yan ɗaruruwan ohm. Wanda ya cinye zai haura dubbai ko lambar ta yi ta rawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka gwada da na Select ko Start, tunda su ba a cika danna su ba, su ne ma'auninka. Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar mita: jona hannun a buɗe, ɗauki ɗigon Start ka danna shi a kan layukan B. In ya amsa nan take, fanel lafiyarsa lau, laifin robar B ne. Wutar ciki bolt 5 ce kawai, ba ta ja, sai dai kada ka bar ƙarfe ya faɗa kan fanel ɗin.

Batun fensir, yana aiki, ba ƙarya aka yi maka ba, amma na 'yan kwanaki ne. Garinsa ba ya kama silikon, yana zubowa kan layukan, wata rana ya haɗa su da kansa sai ka ga mutumin cikin wasa yana ta gudu dama ba ka taɓa komai ba. Manna takardar alminiyom da sufa gulu ma ana yi, ni dai ban ba da shawararsa ba: gam ɗin yana bushewa ya yi tauri a kan abin da ke lanƙwasa, ya ɓare, bakin alminiyom ɗin kuma yana cin layukan kabon. Abin da ya dace shi ne fentin da aka yi don gyaran maɓallan rimot, irin su CaiKote 44 ko Chemtronics CW2605. A wanke ɗigon, a shafa siriri da tsinken sakace, shafi ɗaya, a bar shi ya bushe iya lokacin da aka rubuta a jikinsa, aƙalla yini da kwana kafin a rufe. Kauri ne ke kashe wannan gyaran, don fenti mai kauri yana tsagewa ya faɗo. Akwai kuma 'yan ɗigon kabon da ake sayarwa a manna a kan tsohon, su kuma da gam na silikon ake manna su, ka tabbata faɗinsu daidai yake da na asali, kaurinsu kuma bai rage tazarar da ke tsakanin ɗigo da fanel ba.

Idan roba ta tsage, sai canji. Ɗaga ta saitin haske ka ɗan buɗa gindin kowane ƙoƙo, tsagar siririya ce, ba a ganinta sai an ja. Mafi kyau ka samo robar asali daga wani mataccen hannu irinsa, wanda igiyarsa ko fanel ɗinsa ya lalace. Sababbin na kasuwa sun bambanta ƙwarai, wasu tauri, wasu tsawonsu ya ɗara na asali da kaɗan. A maɓallan A da B ba za ka damu sosai ba. A maɓallin juyawa ne abin ke fitowa, ka danna dama ya haɗa maka da ƙasa, ko kusurwa ta ƙi shiga. Don haka ka canza wadda ta tsage kaɗai, sauran ka bar na asali. Ka kuma duba ɗan tudun da ke tsakiyar gindin maɓallin juyawa, wanda yake lilo a kansa. In ya cinye, ɓangarori biyu masu kallon juna za su iya sauka tare, kuma sabuwar roba ba za ta gyara wannan ba. Ɗan guntun salatif ɗaya ko biyu a kan fanel, daidai inda tudun ke sauka, yakan dawo da tsayin.

L da R na Super Nintendo nasu daban ne. Kowanne yana lilo a kan siririn ƙarfe, yana danna 'yar roba a kan ƙaramin fanel da ke tsaye a gefe. Duba ko kunnen da ƙarfen ke ratsawa ya karye, ko ƙaramin fanel ɗin ya fita daga raminsa, ko dalmarsa ta tsage.

Sai waya. Igiya takan karye a ciki daidai inda ta fito daga hannun ko kusa da filogi, fatar waje kuwa lafiya lau. A Mega Drive mai maɓalli uku akwai alama mai kyau: A da B layi ɗaya suke bi, Start da C ma haka, wani IC (ɗan baƙin guntu mai ƙafafu a kan fanel) mai lamba 74HC157 ne ke sauya su bisa umarnin fil na 7 na filogi. In ka ga A da Start sun mutu tare alhali B da C suna aiki, wayar fil na 7 za ka bi ko IC ɗin, ba roba ba. NES kuwa wayoyi 5 ne kacal, IC 4021 ke jero maɓallai takwas ɗaya bayan ɗaya ta waya guda, shi ya sa karyewar waya ɗaya ke rikita su duka. Gwada kowace waya da mita daga filogi zuwa fanel kana lanƙwasa igiyar. In karayar tana kusa da hannun, yanke santimita 5 zuwa 10, ka feɗe, ka mayar da kowace kala wurinta kamar yadda hotonka ya nuna.

Wajen rufewa, maɓallai su fara shiga ramukansu, kowanne yana da 'yan kunnuwa da ba sa shiga sai a nasa gurbin, sannan roba ta zauna a kan 'yan sandunanta, sannan fanel. Sukurun nan a cikin roba suke cin hanyarsu, robar kuma ta haura shekara 30, ta yi gautsi. Ɗora sukuru, juya shi baya a hankali har ka ji ya faɗa tsohuwar hanyarsa, sannan ka ɗaure. Da ya tsaya ka tsaya. Sa biyu kawai tukuna, ka jona ka gwada kowane maɓalli da taɓawa mai sauƙi, ka zagaya maɓallin juyawa duk kusurwoyi takwas, in komai ya amsa sai ka ɗaure sauran.