Filin Masu Mota: Tambayoyinku Kan Canza Rediyon Kamfani

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: cire rediyon da mota ta zo da shi daga kamfani a sa sabo, musamman mai allon nan na Android. Na ɗauki biyar, na taƙaita su saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006, 'yar Kwatano. Rediyonta CD kawai yake ci, shi ma ya fara riƙewa. Ina so in sa Android saboda Bluetooth da taswira da kyamarar ribas. Riwayan da na kai wa ya ce ba sai na sayi soket ba, zai yanke wayoyin ya haɗa kai tsaye, kuɗin ya ragu. In bar shi? Kuma wane iri zan saya? (Malamin makaranta, Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bar shi ya yanke ko waya ɗaya. A bayan rediyon Corolla ɗinka akwai soket biyu na kamfani, babba mai rami 10 da ƙarami mai rami 6. Babban shi ke ɗauke da wuta da sifikun gaba, ƙaramin kuma na sifikun baya ne. Ana sayar da 'yar guntuwar waya wadda gefe ɗaya take shiga waɗannan soket ɗin daidai wa daida, ɗaya gefen kuma ta shiga sabon rediyo. Za ka same ta a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, kuma yawancin allunan da aka yi domin Corolla suna zuwa da ita a cikin kwali. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan ka gwada da kuɗin allon.

Abin da ya sa na dage shi ne abin da nake gani kullum a gareji. Ana buɗe dashbod ɗin motar da aka yanke wa waya, sai ka tarar da dunƙulen baƙin salatif ya saki, gam ɗin ya narke yana manne wa yatsa, jan ƙarfen ya fito fili har ya fara kore. Zafin watan Afrilu a cikin motar da aka ajiye a rana ba ya barin salatif ya daɗe. Ɗaya daga cikin wayoyin nan kuwa tana ɗauke da wuta dare da rana, ko makulli yana aljihunka. Ranar da ta taɓa ƙarfe, in an yi sa'a fis ya ƙone. A Toyota da yawa za ka ga fitilar cikin mota da agogo sun mutu tare da rediyon, domin fis ɗaya suke sha. In kuwa wani yaro ya riga ya naɗa zaren waya a madadin fis, to wayar ce za ta yi zafi ta fara narkewa a inda idonka ba ya gani.

Ga wani dalilin kuma. Launin wayoyin Toyota daban yake da na sabbin rediyoyi, don haka mai yankewa sau da yawa laluben duhu yake yi. A gefen sabon rediyo tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina: ruwan ɗorawa ita ce wutar dindindin daga batir, ja ita ce wutar da ke zuwa idan an murɗa makulli, baƙa ita ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ruwan lemo kuma ta fitila ce, ita ke rage hasken allo da dare. Sifikun gaba fara ce a hagu da ruwan toka a dama, na baya koriya a hagu da shunayya a dama, kowace da 'yar'uwarta mai baƙin layi. Waɗannan masu layin ba a haɗa su wuri ɗaya, ba a kuma bari su taɓa jikin mota. Wanda ya yi haka ya ƙona abin da ke fitar da sauti a cikin rediyon, sai ka ga allo na aiki lafiya amma shiru kake ji.

Batun saye kuwa, fara da firam, wato fuskar da allon zai zauna a ciki a dashbod. Ma'aunin tsofaffin rediyoyi faɗin milimita 180 ne da tsayin 50, mai ninki biyu kuma tsayin 100, amma gaban Corolla ɗinka yana buƙatar firam ɗin da aka zuba dominta. Corolla 'yar Amurka da 'yar Turai na shekara ɗaya gabansu ba iri ɗaya ba ne, saboda haka ka je da motar a gwada, kada ka saya da hoton waya. Ƙwaƙwalwar allon, wato RAM, kada ta gaza 2GB, in da hali 4GB. Kuma kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a kwali ko a cikin saitin, ana iya rubuta ƙarya a duka biyun. Ka sa a jona shi a batir a gabanka, ka buɗe taswira da karatu ko kiɗa lokaci guda, ka ga ko zai riƙa tsayawa. Ka juya bayansa ka duba ko akwai faffaɗan ƙarfen da ke shan zafi ko 'yar fanka. Araha ba ta ado, kuma allon da ba shi da hanyar fitar da zafi shi ne yake kashe kansa da azahar.

Ni dai ra'ayina, idan kira da taswira da sauraro ne buƙatarka, gwamma Pioneer ko Kenwood ko Sony na gaske mai Android Auto ko Apple CarPlay. A irin waɗannan wayarka ce ke yin aikin, allon nunawa kawai yake yi, don haka ba ya tsufa da wuri, kuma yana tashi nan take idan ka kunna mota. Sai dai jabunsu sun cika kasuwa, ka saya a wurin wanda zai yarda ya karɓa idan an samu matsala.

Ranar aiki ka tsaya a wurin. A cire kan batir na baƙar waya kafin a taɓa komai. Duk wayar da ka gani cikin riga ruwan ɗorawa a ƙarƙashin dashbod ta jakar iskar hatsari ce, kada a soka mata abin gwaji. Kafin a mayar da firam a ɗaure, a saurari kowace sifika ita kaɗai, a kashe mota a sake kunnawa a ga tashoshin na nan, a kunna fitila, a sa ribas a ga kyamara ta fito. Tsohon rediyon kuma ka ajiye shi a gida, ranar sayar da mota dillali zai tambaye ka.

TAMBAYA: Oga, Golf 3 nake ja, Gusau zuwa Sakkwato. Na sa Pioneer, amma duk lokacin da na kashe mota sai ya manta tashoshi da agogo, sai na sake saitawa. Rediyon ne ba shi da kyau? (Direban haya, Gusau)

AMSA: Rediyonka lafiya lau yake, ɗan'uwa. A motocin Volkswagen da Opel da yawa kamfani ya musanya mazaunin wutar dindindin da wutar makulli a cikin soket, don haka jar waya da ruwan ɗorawa sun faɗa a gurbin juna. Ka ce wa riwaya ya musanya su a gefen wayar rediyon. Wasu rediyoyin ma an yi wa wayoyin biyu mahaɗi a tsakiya saboda wannan. Aikin minti kaɗan ne. Abin da ba na so ya yi shi ne ya murɗe ja da ruwan ɗorawa wuri ɗaya ya ba su wutar dindindin. Mantuwar za ta daina, amma rediyon ba zai ƙara yin barci ba, kuma wata safiya a tasha za ka nemi masu turi.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya sa mini Android a Camry ƙirar 2009. Allon yana kunnuwa, komai na tafiya, amma babu sauti ko kaɗan, maɓallan sitiyari ma sun daina aiki. An ce sai na canza sifiku duka. (Wata Hajiya, Abuja)

AMSA: Hajiya, kafin ki kashe ko kwabo ki duba fuskar tsohon rediyon ko murfin sifikun. Idan kin ga an rubuta JBL, motarki tana da amfilifaya ta kamfani a ɓoye, kuma ita ke ba sifikun ƙarfi. Tsohon rediyon ne yake aika mata saƙon ta tashi, sabon kuwa bai iya wannan yaren ba sai an sa masa ɗan akwatin da masu sayarwa ke kira kanbas, wanda aka yi domin Toyota mai JBL. A koma wurin mai kayan a ce masa na JBL ake so, ya canza wayar gaba ɗaya. Sifikunki ba su yi laifin komai ba.

Maɓallan sitiyari su ma gyaransu na nan. A bayan allon akwai wayoyi biyu da aka rubuta wa KEY1 da KEY2. Idan an haɗa su da na sitiyari, sai a shiga saitin allon a koya masa maɓalli ɗaya bayan ɗaya: a danna na ƙara murya a riƙe, a nuna masa aikinsa, a wuce na gaba. A wasu motocin akwatin kanbas ɗin ne ke yin wannan da kansa.

Tunda an zo nan, masu Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, waɗanda ake ce wa EOD da DC, su yi hattara fiye da kowa. Rediyo da maɓallan na'urar sanyaya mota a jikin faranti ɗaya suke. Wanda ya fizge rediyon ba tare da kayan da aka yi musamman domin wannan motar ba, zai rasa sanyi a tsakiyar bazara.

TAMBAYA: Yaya, a kwalin sabon rediyona an rubuta 4x50W amma sautin bai fi na da ba, in na ƙara murya ma sai ya riƙa karkarwa. Akwai kuma wani siririn fito da ke ƙaruwa in na taka totur. Sannan bidiyo ba ya fitowa sai na ja birkin hannu, yaya ake cire wannan? (Ɗalibi, Jos)

AMSA: Ƙanena, wat 50 ɗin nan ƙololuwar abin da rediyon zai iya tofarwa ne na ɗan ƙiftawar ido. Ƙarfin da yake iya riƙewa cikin tsabta bai cika wuce wat 20 a kowace sifika ba, kuma bai yi wa na kamfani nisa sosai ba. Karkarwar da kake ji daga ƙofa take. Ka sa a buɗe faifan ƙofar ka gani da idonka: a tsohuwar mota za ka tarar da soson da ke kewaye da takardar sifikar ya ruɓe, kana taɓawa yana zubewa kamar garin burodi. Ka canza na gaba tukuna da masu ohm 4, nan kunnenka yake, na baya su jira. Idan an haɗa, a tabbatar ba a juya wayoyin ɗaya ba. Ana ganewa da ƙaramin batir na rediyon hannu mai bolt 1.5: a taɓa wayoyin a kai, sifikun biyu su motsa waje ɗaya. Idan ɗaya na fita ɗaya na shiga, kaurin sautin zai ɓace.

Fiton da ke bin totur daga altaneta yake, kuma mafi yawan lokuta baƙar waya ce ba ta kama ƙarfe sosai ba. A kankare fenti har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure ta da noti a kusa. Idan kana da amfilifaya a but, a raba hanyar wayar sauti da ta babbar wayar wuta, ɗaya ta bi dama ɗaya ta bi hagu.

Na bidiyo kuwa ba zan koya maka ba, kuma ina roƙonka kada ka sa wani ya yi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ka sauke ido kan allo na daƙiƙa uku a gangaren Hawan Kibo, ka yi tafiyar fiye da mita 80 ba ka ga hanya ba.

TAMBAYA: Malam, motata daga Japan aka kawo ta. Ina kama Dala FM amma ba na samun Freedom da Rahma, lambar rediyon ma a 90 take tsayawa. Sai na canza shi? (Ɗan kasuwa, Wudil)

AMSA: Alhaji, tsofaffin rediyoyin Japan daga 76 zuwa 90 aka yi su, mu kuwa tashoshinmu daga 87.5 zuwa 108 suke. Shi ya sa Dala da ke kan 88.5 take shiga, Rahma a 97.3 da Freedom a 99.5 suka fi ƙarfinsa. Idan labarai kawai kake so, akwai ɗan ƙaramin abin da ake sawa tsakanin eriya da rediyo yana sauko da lambobin. Mai rage 10 zai kawo maka Freedom a kan 89.5. Idan kuma ka zaɓi sabon allo, a shiga saitin rediyo a zaɓi yankin Turai, kada a bar shi a kan Japan ko Amurka. Kuma idan eriyar motarka irin zanen nan ce a jikin gilashin baya, tana da abin ƙara ƙarfi da ke buƙatar wuta, sai an haɗa masa shuɗiyar wayar da ke bayan allon. In aka manta da ita, kafin ka kai Gaya tashoshin Kano sun fara shashsheƙa.