Wayarka ta fi idon direba gani da dare

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena ya daki bayan tirelar da ta lalace aka bar ta a kan titi tsakanin Jega da Birnin Kebbi, wajen ƙarfe tara na dare. Ya rantse bai hango ta ba, amma hoton da na ɗauka da wayata a wurin ya nuna ta tar. Masu tirelar sun ce hoton ma ya ƙaryata shi. Haka ne? Daga wani mai karatu a Jega.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara kiyayewa. Hoton bai ƙaryata shi ba. Wayoyin yanzu, Tecno ce ko Samsung ko iPhone, idan suna kan tsarin hoton dare ba hoto ɗaya suke ɗauka ba. Sukan ɗauki da yawa cikin 'yan daƙiƙu, su haɗe su, su ƙara haske inda duhu yake. Kai kuma a tsaye kake, ka san inda tirelar take, wataƙila ma fitilun motocin da suka tsaya na haska ta.

Shi kuwa a guje yake. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Kafin ido ya gane abu, ƙafa ta kai birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce ba wuya, mita 40 ke nan da ɗoriya, birkin ma bai fara aiki ba. In wata mota ta dalle masa ido da babbar fitila, ko hazon hunturu ya sauka, tirelar da ba ta da fitilar baya kan saje da duhu. Wannan ba wanke shi na yi ba, don za a tambayi gudun da yake yi.

Shi ya sa ƙwararrun masu binciken haɗari sukan koma wurin a daidai lokacin, su auna daga nisa nawa ake iya hango abin. Har ƙwan fitilar baya suna dubawa, don su gane ko tana kunne: siririyar wayar cikinsa, in tana ci lokacin karon, zafi kan sa ta miƙe ta lanƙwashe, in a kashe take sau da yawa karyewa kawai take yi.

Amfanin hotonka yana wani wuri. Zai nuna inda tirelar ta tsaya, da ko an aje alamar gargaɗi ko ganye kawai aka watsa, kamar yadda aka saba. Cikin fayil ɗin akwai rana da lokacin ɗauka. Kada ka gyara shi ko ka yanke gefe. In jami'an kiyaye haɗura ko 'yan sanda sun nema ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto ta goge waɗannan bayanai. Na asalin ya zauna a wayarka.